Shaidata a Kan Mukhtar

Safiya da Abdurrahim, wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Yauri, na rubuta zuwana Alƙahira karatu da aurena da mahaifiyarku, duk a cikin wata biyu. Wannan kuwa shekara guda ke nan ina buɗe littafin ina rufewa. Kun taso kuna jin ana cewa ubanku ne ya kai yayanku Mukhtar kurkuku da bakinsa. Ba ƙarya aka yi muku ba. Sai dai ƙarshen zancen aka ba ku, domin lokacin kuna ƙanana, kuma bayan kun girma babu wanda ya ƙara tayar da maganar a gidanmu. Yanzu idona ya fara rauni, ba na so in tafi in bar ku da rabin labari.

A shekarar da abin ya faru muna zaune a unguwar Faisal, a hawa na huɗu, gidan da injin ɗaga mutane bai taɓa aiki ba tun shigarmu. Sana'ata tafinta. Marasa lafiya kan zo daga Kano da Sakkwato da Maraɗi neman magani, in tarye su a filin jirgi, in kama musu masauki, in raka su wajen likitoci a unguwar Mohandessin, in juya musu Larabci zuwa Hausa, in juya wa likita kukansu zuwa Larabci. Kullum da sassafe ina cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, kullum da la'asar ina hawa matakalan nan ina haki. Mahaifiyarku Hajara, wadda dukanku kuke kira Umma, tana dafa tuwo da miyar kuka tana aika wa majinyatan da cikinsu ya ƙi karɓar abincin Masar. Mukhtar yana da shekara ashirin da huɗu. A nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa tsabta, in yana magana a waya ba mai cewa ba Bamisire ba ne. Karatun addinin da na sa shi bai zaunu ba. Shekara biyu ya yi yana kai da komowa unguwar Hay el-Sabi' wajen ɗalibai, sannan wata rana ya ajiye littattafan a gabana ya ce in yafe masa, kansa ba ya ɗauka. Abin da kansa yake ɗauka inji ne. Kuma yana son ruwa, wannan kuwa daga wurina ya samo. Ni ɗan masunta ne, a cikin kwale-kwale na koyi zama kafin in koyi tafiya, ni na koya masa iyo tun yana shekara biyar, ni na cika masa kunne da labarin kogin Kwara.

Saboda haka ranar da ya zo ya ce ya sami aikin tuƙin jirgi a wani kulob na masu hali a bakin Nilu, raina ya yi fari. Umma ce ba ta so ba. Tana tsaye tana kwashe tuwo ta ce:

"Malam, mun bar ruwa a Yauri, yanzu kuma a nan za ka mayar min da ɗa cikinsa?"

Na ce, "Hajara, sana'ar kakanninsa ce. Gara wannan da zaman gahawa."

Mukhtar ya rungume ta ta baya yana dariya. "Khalas, ya isa haka, ya Umma, ba kwale-kwale ba ne fa. Jirgi ne da ya fi motar jakada tsada."

Jirgin da yake tuƙawa ba irin wanda na sani ba ne. Ba don ɗaukar kaya aka ƙera shi ba, ba kuma don gudu ba. An ƙera shi ne musamman don ya tada igiyar ruwa. A cikinsa akwai tankuna da ake cika wa da ruwa har gindinsa ya nutse, sai ya riƙa tafiya a hankali yana ture kogin, wata doguwar igiya ta tashi a bayansa wadda ta kai ƙugun babban mutum. A kan wannan igiyar samari suke hawa da wani ɗan allo suna wasa, da farko riƙe da igiyar roba, daga baya su sake ta su bar ruwan ya riƙa tura su. Kafin a ba Mukhtar lasisi sai da ya zauna jarrabawa, kuma a kan tabarmar falonmu ya yi bitarta, ni nake riƙe masa takardun ina tambayarsa. Don haka na san dokar kamar yadda ya san ta. Ba a tada igiya kusa da gaɓa. Ba a tada ta kusa da ƙananan jirage ko inda suke ɗaure. Inda aka jera jajayen ganguna a kan ruwa, matuƙi zai sassauta har jirginsa ya daina barin komai a baya. Wanda kuma igiyarsa ta yi ɓarna, a kansa take, ko da jirginsa bai taɓa kowa ba. Na tuna na ce masa wannan ta ƙarshen ko a Yauri haka take, ba a rubuce ba ne kawai. Mai babban jirgi shi ke sassauta wa mai ƙarami.

Wata takwas yana aikin. Ya sayo wa Umma injin wanki, ya yi ƙiba, rana ta ƙara masa duhu. Ya yi ta roƙona in zo in ga yadda yake tuƙi, ina cewa sai wani lokaci, har wata Juma'a da ba ni da majinyaci na ce to. Bayan an sauko daga masallaci muka ci abinci muka tafi. Na sa farar jallabiyata sabuwa. Da muka isa ma'aikatan kulob ɗin suna ta cewa da shi "ya rayyis", wato shugaban jirgi, shi kuma yana nuna ni yana cewa, "Wannan ne abuya, babana, shi ya koya min ruwa." Ban ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Waɗanda suka ɗauki jirgin ranar samari uku ne 'ya'yan manya, da ƙanwar ɗaya daga cikinsu. Sun gaishe ni da ladabi, suka ba ni kujerar da ke kusa da matuƙi. Muka fita tsakiyar kogi, aka kunna kiɗa, aka cika tankuna. Na farko ya hau allonsa ya faɗi, na biyu ya hau ya faɗi, ana ta shewa. Na ukun, wanda shi ne babbansu kuma shi ya kama jirgin, ya iya sosai. Sai dai ya ce ruwan tsakiya ya yi hargitsi saboda manyan jiragen yawon buɗe ido, yana so a kai shi bayan tsibiri inda ruwa yake kwance, ƙanwarsa ta ɗauke shi hoto. Bayan tsibirin nan mashigi ne siriri, akwai jajayen ganguna a bakinsa. A cikin ciyayin gefensa masunta suke ɗaure jiragensu. Ku da kuka tashi a Alƙahira kun sha ganinsu daga kan gada, mutanen da ba su da gida a tudu, a cikin ɗan jirgin suke dafawa, a ciki suke kwana, a ciki suke haihuwa.

Mukhtar ya ce da saurayin, "Can mamnu' ne ya basha, an hana."

Saurayin ya ce daga cikin ruwa, "Sau ɗaya kawai. Yau Juma'a, babu kowa. Yalla, mu je, ya rayyis!"

Mukhtar ya dube ni. Wannan kallon shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba, ko mahaifiyarku. Ya dube ni yana jiran in ce wani abu. Na riga na hango jirgin wani masunci tun daga nesa, shuɗi, ya yi ƙasa da kaya, bakinsa bai fi tafin hannu ɗaya daga ruwa ba. Na ga hayaƙi yana tashi daga cikinsa, na san ana girki. Duk wanda ke cikin jirginmu babu wanda ya kai ni sanin abin da igiya irin wannan za ta yi wa jirgi irin wancan. Kalma ɗaya da Hausa ta isa, ba wanda zai ji abin da na ce sai shi. Amma ina zaune cikin sabuwar jallabiya a kujerar baƙo, na ji nauyin in tsawata wa ɗana a gaban mutanen da yake ci a hannunsu. Na kawar da kai. Ya juya sitiyari muka shiga.

Ba gudu muke ba, wannan gaskiya ne, daga baya lauya ya yi ta nanata shi. Mun wuce su da ɗan nisa, jirginmu bai ko shafe su ba. Mutumin yana tsaye a goshin jirginsa yana jan koma, matar tana tsugune a baya a gaban risho. Ta ɗaga kai ta dube mu. Sannan igiyar ta isa gare su. Ta farko ta ɗaga jirgin ta karkata shi, tukunyar ta zame, matar ta miƙa hannu za ta tare ta. Ta biyu ta shiga ciki. Ta ukun ta kife shi. Na miƙe ina ihu, kiɗa ya danne muryata, sai da na damƙi kafaɗar Mukhtar na girgiza shi. Ya waiwaya ya gani. Saurayin da ke kan allo ya ɗaga hannu yana cewa a ci gaba, masunta ne, sun fi kifi iya ruwa. Mukhtar ya ci gaba. Ba da yawa ba, wataƙila gwargwadon abin da mutum zai karanta Fatiha sau uku. Sai da na miƙa hannu na kashe kiɗan na ce masa da Hausa, "Mukhtar, juya!" sannan ya juya. Jirgi mai cike da ruwa a ciki ba ya juyowa da sauri.

Da muka iso mutumin yana nutsewa yana tasowa yana kiran sunanta. Tabarma da robobi da burodi suna yawo a kan ruwa. Na tuɓe jallabiya na faɗa. Shekarata hamsin da biyar lokacin, rabona da nutso tun ina saurayi, amma jiki bai manta ba. A nutso na uku na taɓa ƙafarta. Komar da mijinta yake ja ce ta naɗe ta tare da doguwar baƙar rigarta a ƙarƙashin jirgin. Na taso na karɓi wuƙa a hannunsa na koma na yanke. Mu biyu muka fito da ita, Mukhtar ya jawo ta cikin jirginmu ya yi ta danna mata ƙirji yana hura mata iska yana kuka. Ruwa ya fito, ita ba ta dawo ba. Sunan mijin 'Am Shahata. Ita ana kiranta Umm Nadiya, da sunan 'yarsu da ke aure a ƙauye.

Kafin 'yan sandan ruwa su iso tashar kulob ɗin, samarin nan an riga an sa su a mota an tafi da su. Mai kulob ɗin ya ja ni da Mukhtar zuwa ofishinsa, ya sa aka kawo min tawul da shayi. Mutum ne mai taushin murya. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma ga yadda za a faɗe shi: wani jirgin dakon yashi ne ya wuce, igiyarsa ta kifar da jirgin masuncin, mu muna tsakiyar kogi muka hango muka kawo ɗauki. Tankunan an riga an zubar da ruwansu. Masuncin kuwa ba shi da izinin ɗaure jirgi a wurin, ba zai so a tsananta bincike ba.

Ya ce, "Ya hajj, kai dattijo ne, malami, kai ka shiga ruwa ka fito da ita. Abin da ka faɗa shi za a rubuta. Ɗanka ba ɗan ƙasa ba ne, ka fi ni sanin abin da wannan yake nufi."

Na sani. Haihuwa a Masar ba ta mayar da mutum Bamisire. Mukhtar da takardar zama yake zaune kamar ni, kuma wanda aka ɗaure, in ya fito, filin jirgi ake kai shi. A ranar, Mukhtar ya faɗi abin da aka tsara masa. Ni jikina yana ta rawa saboda sanyin ruwa, jami'in ya tausaya min ya ce in je in huta, in zo ofishin mai gabatar da ƙara ranar Talata in ba da nawa bayanin.

Kwana huɗun nan gidanmu ba a ɗaga murya ba, ba a kuma yi dariya ba. Ku biyu an tura ku wajen maƙwabta. Labari ya bazu cikin Hausawa cewa Malam Sa'idu ya faɗa Nilu don ceton wata mata, mutane suna ta bugo waya suna sa min albarka. Mukhtar ya shige ɗaki ba ya cin abinci. Ranar Asabar da hantsi na gaya wa Umma yadda abin ya kasance, ban da kallon nan. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta ce:

"To ai an riga an faɗi yadda za a ce."

Na ce, "Hajara, rantsuwa za a ba ni."

"Matar za ta tashi ne in ka faɗa?"

"Ba za ta tashi ba."

"To ni nawa yana da rai. Wata tara na ɗauke shi a garin da ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa. Ka yi azumin kaffara, ni ma in taya ka. Ka yi duk abin da malamai suka ce a yi. Amma kada ka fita gidan nan ka je ka miƙa musu ɗana."

Har yau ban ce ta yi kuskure ba. Kada ɗayanku ya taɓa ganin laifinta a kan wannan.

Ranar Lahadi na tafi gaisuwar mutuwa. Ban gaya wa kowa ba. Na sauka daga mikrobas na bi ta ƙarƙashin gada, na tambayi masunta, wani ya tsallakar da ni. An jawo jirgin 'Am Shahata kan tudu an kife shi yana bushewa. Shi yana zaune a kan buhu a gefensa, mutum biyar ko shida suna kewaye da shi. Da ya gan ni ya miƙe ya kama kaina ya sumbata. Ya ce da mutanen wannan ne baƙon da ya shiga ruwa. Suka matsa min wuri. Aka ba ni shayi a ƙaramin kofi. Ya ce shekara talatin da ɗaya suna cikin jirgin nan tare, ita ke riƙe filafili in yana jefa koma, yanzu bai san wanda zai riƙe masa ba. Ya ce jami'in ya tambaye shi wane jirgi ne, ya faɗa, aka ce masa ruɗewa ce ta sa bai gani da kyau ba, aka kuma tambaye shi takardar izininsa. Na jira ya roƙe ni wani abu, ko ya zage ni, domin ya san fuskar matuƙin kuma ya ji yana kirana baba. Bai yi ko ɗaya ba. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin ruwa, ya ce a hankali:

"Ma'alish, yi haƙuri ya hajj. Ni dai an ce ban gani ba. Kai ka gani."

Ranar Litinin bayan azahar na shiga ɗakin Mukhtar na rufe ƙofa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ce masa gobe ba zan ambaci jirgin yashi ba, domin babu jirgin yashi. Na ce ya tashi mu tafi tare, ya riga ni shiga, ya gyara maganarsa da kansa, wannan zai fi masa sauƙi a wajen alƙali da wajen Allah. Ya tashi zaune, idanunsa sun kumbura.

"Baba, ai kana wurin. Na dube ka."

Na ce, "Ka dube ni."

"Da ka ce kar in shiga, wallahi da ban shiga ba."

"Na sani. Wannan ma zan faɗa musu."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ka faɗa musu me? Akwai dokar da ta ce a ɗaure wanda ya yi shiru? Ni za a ɗaure, Baba. Kai za ka dawo gida ka ci tuwo."

Gaskiya ya faɗa. Da safe na ƙwanƙwasa masa, bai buɗe ba. Umma tana zaune a bakin ƙofar falo a ƙasa, ta miƙe ƙafafunta a kan hanya. Sai da na tsallake ƙafafun matata na fita daga gidana, abin da ban taɓa yi ba, kuma ina jin sautin kukanta har na kai hawa na biyu.

A ofishin mai gabatar da ƙara ban fi rabin sa'a ba. Ni da na shekara ashirin ina juya maganar wasu, ranar tawa na faɗa. Na ce mun wuce jajayen ganguna da tankuna a cike. Na ce igiyarmu ce. Na ce matuƙin ya ce an hana, aka matsa masa, ya dubi ubansa, ubansa ya kawar da kai. Na ce bai juyo nan take ba, amma ya juyo, kuma shi ya yi ta ƙoƙarin dawo da numfashinta. Magatakardan ya dakata da rubutu ya ce, "Ya hajj, ka san matuƙin ɗanka ne?" Na ce na sani. Maganar kawar da kaina ba su rubuta ba, sun ce ba ta shafi shari'a ba. Kafin la'asar aka zo aka tafi da Mukhtar. Safiya, ke kika buɗe musu ƙofa, kin dawo daga makaranta ke nan da jaka a bayanki. Na san ba ki manta ba.

Samarin nan uku ba wanda ya kira su kotu. Kulob ɗin an rufe shi na ɗan lokaci aka sake buɗewa, an ce an hana jiragensa shiga bayan tsibirin, ban je na duba ba. Mukhtar aka yanke wa shekara biyu saboda kisa bisa sakaci da keta dokar ruwa, aka soke lasisinsa. Duk ranar ziyara ni nake ɗaukar kwanukan abinci in raka Umma har bakin ƙofa, ita ta shiga, ni in zauna a waje a gindin katanga, domin ya ce in ina ciki ba zai fito ba. A cikin Hausawan Alƙahira wasu sun daina kawo min majinyatansu, sun ce wanda ya iya ba da ɗansa babu wanda ba zai bayar ba. Wasu kuma suka riƙa yabona a majalisi, wannan ya fi min ciwo. Umma ba ta daina dafa min abinci ba, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, amma ta daina kirana Malam da irin muryar da na sani. In za ta yi min magana sai ta ce da ɗayanku, "Gaya wa babanku."

Da ya gama wa'adinsa, daga kurkuku aka wuce da shi filin jirgi. Ya sauka Kano, garin da sau biyu kacal ya taɓa gani, da Hausar da yara suke yi wa dariya. Ƙanin Umma ya karɓe shi ya sa shi a garejin gyaran janareta. Bayan wata shida Umma ta ce za ta je ta ga yadda ya zauna, wata ɗaya za ta yi. Na kai ta filin jirgi da akwati biyu, na san akwatin wata ɗaya ba ya kai haka nauyi. Ku kuna tsakiyar karatu, ba a iya cire ku ba, shi ya sa kuka ƙarasa girma a hannuna da girkina marar daɗi, kuna jin muryar uwarku a waya. Na raba ku da ita a shekarun da kuka fi bukatarta. Wannan ma yana cikin abin da na jawo, kuma ban taɓa neman gafararku a kai ba. Ina nema yanzu.

Shekara huɗu ta yi a Kano. Ita ta nema masa mata, ita ta karɓi haihuwar 'yarsa. Wata ranar Laraba ina tsaye a gaban likita ina yi wa wani dattijo tafinta, wayata ta yi ƙara da lambar Najeriya. Na fita baranda na ɗauka. Muryar da na shekara shida ban ji ba ta ce:

"Umma ta rasu da asuba. An yi jana'iza."

Na ce, "Mukhtar…"

Ya kashe. Na koma ciki na ƙarasa wa dattijon bayanin maganinsa, domin ba shi da wani mai juya masa.

Kuna iya tambayata ko na yi nadama. Nadamar da nake yi kullum ta ranar Juma'a ce, lokacin da ɗana ya dube ni. Ta ranar Talata kuwa, na auna ta ta kowace fuska tsawon shekarun nan, wani lokaci in ga ba ni da wata hanya, wani lokaci in ga Hajara a zaune a bakin ƙofa in rasa abin da zan ce. Ban rubuta wannan don ku ba ni gaskiya ba. Na rubuta ne don ku daina ɗora wa yayanku abin da ba shi kaɗai ya yi ba, ku kuma daina jin nauyin ambaton sunansa a gabana. Ku je masa. Abdurrahim, in ka tashi aure shi ne waliyyinka in ba na nan, kada ka nemi wani.

Lambar da ya kira ni da ita na adana. Tun rasuwar Umma, duk ranar sallah ƙarama da babba nakan buga sau ɗaya, ta yi ta ƙara har ta katse, in ajiye. A babbar sallar da ta wuce, ina zaune a falo da la'asar, na buga kamar yadda na saba. Sai aka ɗauka. Muryar yarinya ce ƙarama, tana tauna wani abu.

"Wane ne?"

Na rasa sunan da zan ba kaina. Na ce, "Babanki yana kusa?"

Ta janye bakinta daga wayar ta ƙwala kira, "Abba! Wani tsoho ne!"

Na ji hayaniyar gida, ana sara nama, wata mace tana magana. Aka ɗan jima. Sannan daga nesa, kamar daga tsakar gida, na ji shi. Bai zo ya karɓi wayar ba. Ya ce:

"Hajara, ba a cewa wani tsoho. Kakanki ne. Ki gaishe shi da kyau."

Ta dawo ta ce, "Ina wuni, Kaka. Barka da sallah."

Na amsa mata. Na tambaye ta ko an yi mata kitso, ta ce an yi, har da lalle. Ta ce ragonsu fari ne mai baƙin kunne kuma ta yi kuka da aka yanka shi. Muka yi ta hira har katin wayata ya ƙare.